Kwanon abincin makaranta mai gida huɗu: abin da ya yi wa 'yata da inda ya gaza

Kwanon na silba ne, mai gida huɗu, murfinsa da zoben roba a ciki, da maƙalai biyu a gefe da ake dannawa su kama. Na saya wa 'yata mai shekara 15, bayan likita ta auna tsawonta da nauyinta ta ce ƙibar ta fara wuce abin da ya dace da shekarunta. Tun daga lokacin shi take ɗauka zuwa makaranta, kuma ya daɗe a hannunmu har na san halinsa ciki da bai. Ra'ayina a kansa shi ne ya cancanci a saya, amma duk wadda za ta saya ta sa a ranta sai ta haɗa da ƙaramar kular abinci da abin sanyaya jaka, domin shi kwanon ba ya riƙe zafi, ba ya riƙe sanyi, ko da yake hoton da ke jikin kwalinsa zai sa mutum ya zaci yana yi.

Gida ɗaya babba ne, ya cinye kusan rabin kwanon. Biyu matsakaita ne, girmansu ɗaya. Na huɗun ɗan ƙaramin gwangwani ne mai nasa murfin, yana zama a kusurwa. Duka-duka cin kwanon bai wuce lita 1 ba. A ƙarƙashinsa an buga 18/8, wato ƙarfen yana da kashi 18 cikin 100 na kuromiyam da kashi 8 na nikel, haɗin da ke hana shi tsatsa. A kicin ana ganin amfanin wannan: miyar tumatir ba ta rina shi, ƙarnin kifi ba ya kwana a jikinsa, kuma ya sha faɗuwa daga tebur bai yi komai ba sai ɗan lotsawa a baki. Kwanukan roba da muka riƙa saye a baya duk sun rine sun koma ja-ja, suna warin albasa ko da me aka wanke su. Ya fi roba nauyi, kuma tunda ƙarfe ne ba a saka shi a na'urar ɗumama abinci.

Abin da ya sa na ba shi babban maki shi ne rabon gidajen. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, sai dai idon uwa idan tana zuba wa ɗanta abinci ƙimarsa kullum sama take yi: cokali ɗaya don kada yunwa ta kama shi, wani kuma don wunin da tsawo. Kwanon ya raba mu da wannan. Gida idan ya cika ya cika, ba sai an kawo sikeli ba, ba sai an yi musu da safe ba. Na lura masu irin kwanon da yawa suna danƙara shinkafa ko taliya a babban gidan, su jefa yankan kokwamba biyu a ƙarami. Mu akasin haka muke yi. Babban gida na kayan lambu ne da 'ya'yan itace. Matsakaici ɗaya na abinci mai gina jiki, ƙwai ko kaza ko kifi ko wake. Ɗayan na shinkafa, taliya, dankali ko burodi. Wannan tsari ba ni na ƙirƙiro shi ba. Shi ne hoton farantin da Ma'aikatar Noma ta Amurka ta fitar a 2011 mai suna MyPlate, inda rabin faranti yake kayan lambu da 'ya'yan itace. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tana son mutum ya ci aƙalla giram 400 na su a rana. Matashin da ya karya da burodi da shayi, ya ci biskit da rana, ba yadda za a yi abincin dare kaɗai ya cike masa wannan giɓin.

Kafin in shiga abin da muke zubawa, akwai maganar da likitar ta jaddada mana, kuma ita ce ta hana kwanon nan zama abin azabtarwa. Yarinya mai shekara 15 jikinta bai gama girma ba. Ƙashinta yana ginuwa, jininta yana bukatar a ciyar da shi, kuma ba a auna ƙibarta da ma'aunin manya, sai an duba shekaru da jinsi a jadawalin girma. Ta ce kada mu ƙirga mata kalori, wato ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki, kada mu hana ta cin abincin rana, kuma sau da yawa abin da ake nema a irin shekarunta shi ne nauyin ya tsaya wuri ɗaya tsawo ya ci gaba da ƙaruwa. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma ta fitar da rahoto a 2016 tana gargaɗin iyaye a kan sa matasa ƙuntata wa kansu abinci da yawan yi musu zancen nauyinsu, saboda abin yakan kai ga ƙarin ƙiba ko ga lalurar ƙin cin abinci. Ƙungiyar ta ba da shawarar a riƙa cin abinci tare a gida, a gyara abincin iyali gaba ɗaya. Shi ya sa na sayi kwanon guda biyu. Ƙanin 'yata ba shi da matsalar ƙiba, amma shi ma da irinsa yake tafiya, abin da aka zuba mata shi ake zuba masa, sai dai a ƙara masa yawa idan ya nema. Ban so ta ji an ware ta a cikin gidansu.

Bari in nuna kwano ɗaya yadda yake fita daga kicin. A babban gida akwai karas da aka yanka dogo-dogo kamar yatsa, kokwamba da ɓawonta, koren tattasai, da ɓarin lemo da aka ɓare aka cire 'ya'yan. A matsakaici na farko dafaffen ƙwai biyu, an raba kowanne biyu an barbaɗa ɗan barkono. A na biyu burodin alkama yanka biyu, an yanke su huɗu-huɗu don su shiga. A ɗan gwangwanin kuwa yogot mara sukari da aka matsa wa lemon tsami aka sa ɗan gishiri, shi take dangwala karas ɗin a ciki. Wannan yogot ɗin shi ne sirrin babban gidan. Kayan lambu gayansu sukan dawo gida yadda suka tafi, amma da abin dangwalawa sai a tarar an cinye tas.

Wata rana kuma taliya ce da kifin gwangwani da aka tsane masa mai, a haɗa da masara da tumatir da albasa kaɗan, kabeji da tuffa a babban gida. Wata rana ragowar gasasshiyar kazar daren jiya, a cire fatar a yayyaga naman, da dafaffen dankali da latas. Ranar da ba nama, dafaffen wake ne da yankakken tumatir da kokwamba da ɗan man zaitun. Kusan duk abin da ke shiga kwanon daga tukunyar gida yake fitowa. Ban sayi wani abinci na musamman da aka rubuta wa “na masu rage ƙiba” ba, kuma ban ga bukatar hakan ba.

Gidan abinci mai gina jiki shi ne wanda ba na yarda ya tafi wayam. Babban ƙwai ɗaya yana da furotin kimanin giram 6, kuma irin wannan abincin shi ke zama a ciki ya riƙe mutum. A da, idan ta dawo makaranta, jaka ba ta kai ƙasa ba take buɗe firiji, abin da ta tarar shi za ta ci a tsaye, domin biskit da lemon kwalba da ta ci da rana sun daɗe da barin cikinta. Ƙibar a wannan cin na yamma take taruwa. Yanzu takan dawo ta yi wanka, ta huta, sannan ta nemi ayaba ko wani abu mara nauyi kafin abincin dare. Akwai kuma batun jini. Budurwa mai shekara 14 zuwa 18 tana bukatar sinadarin ayon kimanin miligiram 15 a rana, fiye da namiji tsaranta, saboda al'ada. Nama da kifi da wake suna ba da shi, kuma bitamin C na lemo ko tumatir yana taimaka wa jiki ya tsotsi na cikin wake, shi ya sa ranar wake ba na rasa saka lemo. Ƙashi kuma yana neman kalsiyam har miligiram 1,300 a rana a waɗannan shekarun, don haka yogot ko ɗan yankan cuku ba ya barin kwanon.

Ɗan gwangwanin nan da farko na ɗauka ado ne, ashe shi ne mai gadin maiƙo. Giram 1 na mai yana da kalori 9, na sitaci ko na furotin kuwa 4. Babban cokali ɗaya na mai kalori 120 ne ko kusa da haka, cikin tafin hannu ɗaya na gyaɗa kuma ya haura 160. Ba abubuwan gudu ba ne, jiki na bukatarsu, amma su ne ake ci ba a san an ci ba. Gyaɗa idan tana cikin leda sai an ga ƙarshenta, a gwangwanin kuwa iya abin da ya ɗauka ke nan. Duk abin da ke da maiƙo ko zaƙi, gyaɗa ce, mayonis ne, busasshen inabi ne, ko ɗan guntun cakulan ranar da ta yi marmari, a nan yake shiga. A fara tambayar makaranta dai kafin a saka gyaɗa, domin wasu makarantun sun hana saboda yaran da jikinsu ba ya karɓarta.

Abin sha kuwa kwanon ba shi da ta cewa a kai, kuma a nan ne gyara mafi girma yake. Gwangwanin lemo mai gas na mililita 330 yana ɗauke da sukari kimanin giram 35, kusan ƙaramin cokali 9. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a rana, wato kimanin giram 50 ga mai cin kalori 2,000, kuma in an sauko da shi kashi 5 ya fi. Gwangwani ɗaya ke nan ya cinye mafi yawan rabon ranar. Ruwan 'ya'yan itace na kwali ma ba tsira ba ne, hukumar lafiya ta Ingila ta taƙaita shi a mililita 150 a rana. Gorar ruwa take ɗauka, wani lokaci da yankan lemon tsami ko kokwamba a ciki. Za a iya tsara kwano mai kyau kamar me, in dai ana korawa da lemon kwalba kullum, aikin baya zai riƙa komawa.

To, inda kwanon ya gaza. Zoben robar murfin yana hana ruwa fita waje, amma ba ya rufe tsakanin gida da gida. Bangon da ya raba gidajen bai taɓo murfin ba, akwai 'yar tazara. In kwanon ya karkata a jaka, ruwan kankana zai tsallaka ya jiƙa burodi, ruwan tumatir ya shiga ƙwai. Ranar da hakan ta faru ta dawo da shi ba ta taɓa ba, kuma ban ga laifinta ba, jiƙaƙƙen burodi mai ruwan kankana ba abin ci ba ne. Tun daga nan duk abu mai ruwa sai dai ɗan gwangwani, kayan lambu kuma a tsane su da tsumma mai tsabta bayan an wanke. Kamfanin da ya rubuta “ba ya yoyo” a kwali ya kamata ya fayyace wane yoyon yake nufi. Zoben kansa ma yana neman kula. Idan ba a ciro shi an wanke ramin da yake zaune an bar shi ya bushe ba, baƙin tabo na fumfuna yana fitowa a ƙarƙashinsa, kuma ciro shi sai da bakin ƙaramin cokali.

Babbar gazawar ita ce ta zafi da sanyi, domin wannan ta shafi lafiya kai tsaye. Ƙwayoyin cuta suna yaɗuwa da sauri a abinci tsakanin digiri 5 da 60 a ma'aunin salshiyos, kuma ƙa'idar ita ce dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye a waje, in ana tsananin zafi sama da digiri 32 ma awa 1 ne. Daga fitar yaro da safe zuwa hutun cin abinci ya wuce haka nesa. Ƙwai, kaza, kifi, yogot, duk suna cikin haɗarin. Shinkafa ma haka, abin da mutane da yawa ba su sani ba: akwai ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus da dafuwa ba ta kashe irinta, in shinkafa ta jima da ɗumi-ɗumi sai ta farfaɗo ta saki guba mai sa amai. Saboda haka kwanon yana kwana a firiji da abincinsa, da safe ya shiga jaka mai rufin hana zafi, da fakitin ƙanƙara a ƙasa da daskararriyar gorar ruwa a sama. Kafin rana ta yi gorar ta narke ta zama ruwan sanyin sha. Silbar ta yi kyau a nan, tana ɗaukar sanyi da sauri daga ƙanƙarar fiye da roba.

Ranar abinci mai zafi, kamar miyar kayan lambu da wake ko shinkafa da kaza, kwanon ba ya da amfani ga wannan ɓangaren, sai ƙaramar kula mai bango biyu. Ana cika ta da tafasasshen ruwa a rufe na 'yan mintuna, a zubar, sannan a zuba abincin yana tururi. In aka zuba shi da ɗumi kawai a kula mai sanyi, kafin rana ya faɗo cikin ma'aunin da ake gudu. A irin ranar kwanon yana tafiya ne da kayan lambu da 'ya'yan itace kawai, jakar kuma ta yi nauyi, ba ta ɓoye mini hakan ba.

Girmansa ma ba na kowa ba ne. Ranar da suke da wasanni ba ya isarta, sai na ƙara ayaba da yogot a gefe. Saurayi dogo mai buga ƙwallo kuwa ina ganin wannan kwanon zai bar shi da yunwa, a nemo masa mai cin lita ɗaya da rabi. Yaron da ya tashi daga cin abinci da yunwa zai nemi abin da zai cike a shagon makaranta, ko ya rama da yamma.

Akwai wani gefe da masu sayarwa ba sa rubutawa, wato idon ƙawaye. Ranar da na kawo kwanon ta jujjuya shi ta ce, “Umma, don Allah kada ki riƙa zuba mini abin da za a ce abincin marasa lafiya nake ci.” Maganar ta zauna mini. A shekarunta abin da ƙawa za ta ce ya fi abin da likita ta ce nauyi. Kwanon ya taimaka da kasancewarsa silba zalla, ba zanen 'yar tsana, ba rubutun rage ƙiba a jiki, kuma abinci kala-kala a gida-gida yana da kyan gani in an buɗe. Ni kuma na sakar mata zaɓi. Ita ke faɗin kayan lambun da za a sayo, ita ke shirya kwanon da daddare, nawa kawai in tabbatar kowane gida ya samu abin da ya dace da shi. Ta ce ba ta son ɗanyen tumatir ya wuni a rufe, an cire. Ta gano cewa tuffa ba ta yin baƙi in an shafa mata lemon tsami, yanzu kusan kullum da ita.

Idan kwanon ya dawo nakan buɗe in duba kafin a wanke, ba tare da na tsare ta da tambaya ba. Abin da ya rage shi ke gaya mini abin da za a sauya. Amma ina duba wani abu kuma da nake roƙon kowace uwa ta sa wa ido. Idan kwano ya riƙa dawowa cike kwana da kwanaki, ko yarinya ta fara jin jiri, ta daina zama cin abinci da mutane, tana shiga banɗaki da zarar ta gama ci, al'adarta ta ɗauke, ko tana hawa sikeli safe da yamma, wannan ba nasarar rage ƙiba ba ce, a tafi wurin likita ba tare da jinkiri ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 19 sama da miliyan 390 ne nauyinsu ya wuce ƙima, kuma 'yan kasuwa sun san da wannan adadin. Wayar kowace budurwa cike take da tallan shayin rage tumbi a TikTok da Instagram. Da yawa daga cikin irin shayin nan ganyen sa gudawa ne a ciki, ruwan jiki suke zubarwa, kitsen yana nan. Mun zauna mun yi wannan maganar da ita a fili, domin na san tallan zai same ta ko ina so ko ba na so.

Game da sakamako, ba zan jingina wa kwano abin da ba shi kaɗai ya yi ba. Tana tafiya a ƙasa da yamma tare da ƙaninta, ana neman awa 1 na motsa jiki a rana da ake so ga 'yan shekara 5 zuwa 17, kuma waya tana barin ɗakinta da daddare don ta samu barcin awa 8 zuwa 10 da matasa ke bukata, tunda ƙarancin barci yana ƙara yunwa da kwaɗayin zaƙi. Da muka koma asibiti likitar ta gamsu da inda layinta ya nufa a jadawalin. Abin da ni na gani da idona shi ne ta daina yin barci a kan littafi da la'asar, kuma kayan makarantarta sun daina matse ta. Rabon kwanon a ciki shi ne ya mayar da abincin rana abin da aka tsara tun dare, maimakon abin da yunwa ta zaɓa a shago.

Wadda za ta saya ta duba abu uku tun a wurin saye, ko da zarar ya iso in ta intanet ta yi oda. Ta zuba ruwa a gida ɗaya ta rufe ta karkata, ta ga ko ya tsallaka maƙwabcinsa. Ta tambaya ko ana sayar da zoben robar daban, domin shi zai riga ƙarfen lalacewa, kuma kwano mai kyau ba shi da amfani in zobensa ya saki. Sannan ta gwada shi a jakar da yaron zai ɗauka, ta tabbatar yana kwanciya a shimfiɗe da fakitin ƙanƙara a ƙarƙashinsa, zif ɗin kuma ya rufe.